Agogon Hannu Mai Ƙirga Bugun Zuciya: Yaushe Za A Gaskata Shi?

A 'yan shekarun nan wani irin agogo ya shigo kasuwanninmu. Ana ganinsa a teburan masu sayar da waya a Gaundare da Garwa da Marwa, har ya kai kasuwannin ƙauye. Yana nuna lokaci kamar kowane agogo. Ban da haka yana ƙirga takun mutum, yana kuma nuna wata lamba da 'yar alamar zuciya a gefenta. Wannan lamba ita ce yawan bugun zuciya a minti ɗaya, bisa ga lissafin agogon. Samari suna sa shi wajen ƙwallo da gudu. 'Ya'yan da ke aiki a birni suna aiko wa iyayensu da shi, musamman iyayen da ke fama da hawan jini.

Mu masu aikin jinya mun fara ganin mutane suna zuwa asibiti a firgice saboda lambar da agogo ya nuna musu. Mun kuma ga waɗanda ya kamata su zo da wuri amma suka yi zamansu a gida, don agogo ya ce musu lafiya lau. Shi ya sa muka shirya wannan ɗan littafi. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Labarin wani manomi

Wata safiya da damina wani manomi mai kimanin shekara 55 ya zo wurinmu, hankalinsa a tashe. Ya bar gona, ya biya kuɗin babur daga ƙauyensu. Da na tambaye shi abin da ke damunsa, sai ya miƙo mini hannunsa na dama.

Ya ce, "Malama, agogon nan ɗana ne ya aiko mini. Jiya ina cikin noma na duba na ga 176. Yaron maƙwabcina ya ce in ya kai haka zuciya tana iya tsayawa. Daren jiya ban runtsa ba."

Na ce, "Baba, lokacin da ka ga lambar, ka ji ciwo a ƙirji? Ka ji jiri, ko numfashi ya yi maka wuya?"

Ya ce, "Ko kaɗan. Har hira muke yi da ƙanena muna noman."

Na sa shi ya zauna ya huta na minti biyar. Na ɗora yatsuna a wuyan hannunsa na ƙirga, na samu 74. Agogon ya nuna 76. Sai na aro fartanya a wurin mai gadi, muka zagaya bayan asibiti, na ce ya yi noma yadda ya saba. Bayan minti biyar agogon ya nuna 168. Nan take na kama hannunsa na ƙirga, na samu 112.

Mun auna jininsa, likita ya saurari ƙirjinsa, ba a sami wata matsala ba. Agogon ya yi daidai lokacin da Baba ke zaune. Da fartanya ta shiga hannu sai ya ruɗe. Wannan kuskure ya jawo masa asarar yinin noma guda, da kuɗin babur, da barcin dare.

Yaya agogon yake ƙirgawa?

Zuciya tana aiki kamar famfo. Duk lokacin da ta matse, takan tura jini cikin jijiyoyi zuwa ko'ina a jiki. Tana yin haka wajen sau dubu 100 a yini da dare guda. A kowane bugu, ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata sukan cika da jini, sannan su ɗan ragu kafin bugu na gaba.

Ku juya agogon ku duba bayansa. Za ku ga wata 'yar fitila tana walƙiya da koren haske. Wannan haske yana shiga cikin fata. Jini yana shanye koren haske. Idan jijiyoyi suka cika, hasken da ke dawowa yakan ragu. Idan jinin ya wuce, hasken yakan ƙaru. A kusa da fitilar akwai wani ɗan ido da ke auna hasken da ya dawo, sai 'yar kwamfutar da ke cikin agogon ta ƙirga sau nawa hasken ya ragu ya ƙaru, ta fitar da lamba.

To, kun ga agogon ba ya jin zuciya kai tsaye. Canjin haske yake kallo a fata, nesa da ƙirji, daga nan ya yi lissafi. Kamar mutum ne da ke tsaye a bayan katanga yana ƙirga bugun taɓarya da kunne. Idan mace ɗaya ce ke daka kuma gari shiru, zai ƙirga daidai. Idan mata uku suka haɗu a turmi, ga kuma ana faskare a gefe, lissafinsa zai cakuɗe.

A asibiti akwai na'urar da ake kira i-si-ji, wadda ake manna wayoyinta a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, ta zana bugun zuciya a takarda. Ita tana auna ɗan lantarkin da zuciya da kanta ke fitarwa a kowane bugu. Da ita ake gwada gaskiyar sauran na'urori. Akwai kuma wata ɗamara da 'yan wasa ke ɗaurawa a ƙirji, ita ma lantarkin zuciya take aunawa, don haka ta fi agogon hannu faɗin daidai.

Me ya sa yake kuskure lokacin aiki?

*Motsi.* Idan hannu yana kai da komo, agogo yakan zame a kan fata. Hasken rana yakan shiga ta gefe. Ɗan idon nan sai ya ga haske yana canzawa, alhali ba jini ne ya canza shi ba.

*Aiki mai maimaituwa.* Daka, surfe, noma, faskare, jan ruwa a rijiya, gudu, duk ayyuka ne masu bugu a jere kamar na zuciya. Agogo yana iya kama bugun taɓarya ko na ƙafa ya ɗauka na zuciya ne. Girgizar babur a hanya mai gargada ita ma tana ruɗa shi.

*Damƙe hannu.* Idan aka riƙe ƙotar fartanya ko kan keke da ƙarfi, naman wuyan hannu yakan ɗaure, jinin da ke bi ta fatar wurin ya canza tafiya. A irin wannan hali agogo yana iya nuna lamba ƙasa da ta gaskiya ƙwarai, ko sama da ita.

*Sanyi.* Da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, jijiyoyin fata sukan tsuke don jiki ya riƙe ɗumi. Jinin da ke kusa da fata ya ragu, agogo ya rasa abin da zai gani sosai.

*Gumi da ƙura.* Idan suka taru tsakanin gilashin bayan agogo da fata, suna tare haske. Gumi kuma yana sa agogo santsi.

*Jinkiri.* Agogo yakan tara bugu na 'yan daƙiƙu kafin ya fitar da lamba. Idan mutum ya tashi da gudu farat ɗaya, ko ya tsaya farat ɗaya, zuciya ta riga ta canza amma agogo yana baya.

*Bugun da ba ya tafiya a jere.* Wasu masu ciwon zuciya bugunsu yana tsalle, wani mai ƙarfi, wani mai rauni. Agogo yakan tsallake masu raunin, ya nuna lamba ƙasa da gaskiya. Ke nan wanda ya fi bukatar lissafi daidai shi ne agogo ya fi yi wa kuskure.

Abin da masu bincike suka gano

An gwada irin waɗannan agogo a manyan asibitoci da jami'o'in Amurka, ana kwatanta su da i-si-ji.

A shekarar 2016 likitocin zuciya na asibitin Cleveland Clinic sun gwada agogo iri huɗu da ɗamarar ƙirji ɗaya a jikin mutane 50 masu lafiya. Mutanen sun yi tafiya da gudu a kan injin da ake gudu a kansa ba tare da an bar wurin ba. Ɗamarar ƙirji ta yi kusan daidai da i-si-ji. Agogon sun fi yin daidai lokacin hutu. Lokacin motsa jiki kuwa, a wasu lokuta bambancinsu da i-si-ji ya kai bugu 30 ko fiye, wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa.

A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada agogo iri bakwai a jikin mutane 60, suna zaune, suna tafiya, suna gudu, suna tuƙa keke. Shida daga cikin bakwai sun ƙirga bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba a yawancin lokaci. Wannan sakamako ne mai kyau. Amma kuskuren ya fi yawa lokacin tafiya, da wajen masu ƙiba, da masu duhun fata. Game da lissafin kalori, wato ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, babu agogon da ya yi abin kirki. Wanda ya fi duka ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe ya kauce da kashi 93.

A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Duke sun gwada na'urori shida a jikin mutane 53 masu launin fata iri iri. Su ba su ga wani bambanci mai yawa tsakanin fari da baƙi ba. Abin da suka gani shi ne, kuskuren lokacin motsi ya fi na lokacin hutu da wajen kashi 30 cikin 100.

Maganar launin fata ta shafe mu. Sinadarin da ke sa fata duhu shi ma yana shanye koren haske, don haka hasken da ke dawowa daga baƙar fata bai kai na farar fata ba. Binciken Stanford ya ga alamar haka a sakamakonsa, na Duke bai gani ba. Inda duka ukun suka haɗu shi ne, motsi yana ƙara kuskure.

Ku lura da abu biyu. Na farko, yawancin agogon da aka gwada na sanannun kamfanoni ne masu tsada. Yawancin waɗanda ke kasuwanninmu masu araha ne, wasu ko sunan kamfani babu a jikinsu. Na biyu, ba a gona da fartanya aka yi gwajin ba.

A shekarar 2018 mutane a ƙasar Sin sun yi ta nuna hotunan irin wannan agogo ɗaure a jikin naɗin takardar bayan gida, da ayaba, da kofin shayi, yana nuna musu bugun zuciya. Ayaba ba ta da zuciya. Wannan ya isa ya nuna mana cewa fitowar lamba a fuskar agogo ba shaida ba ce cewa zuciya ya ƙirga.

Ku koyi ƙirgawa da yatsunku

Kowa zai iya wannan, kuma ba ya bukatar caji. Abin da ake bukata shi ne agogo ko waya mai nuna daƙiƙa.

1. Ku juya tafin hannu yana kallon sama.
2. Ku ɗora yatsu biyu na ɗaya hannun, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ƙasa kaɗan da gindinsa.
3. Ku danna a hankali har ku ji abu yana harbawa. Idan kun danna da ƙarfi zai ɓace.
4. Kada ku yi amfani da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun, zai ruɗe ku.
5. Ku ƙirga na daƙiƙa 30, ku ninka sau biyu. Idan kun sami 38, bugunku 76 ke nan a minti.
6. Idan bugun yana tsalle ko yana tsayawa, ku ƙirga minti guda cif.
7. Idan kuna son sanin bugun lokacin aiki, ku ƙirga da zarar kun tsaya, na daƙiƙa 15, ku ninka sau huɗu. Bugun yakan fara sauka nan da nan, don haka kada ku jira.

Idan ba ku ji a hannu ba, ana iya ji a gefen maƙogwaro, ƙasa da haɓa. A nan a taɓa a hankali, gefe ɗaya kawai. Kada a danna gefe biyu a lokaci guda, don yana iya sa mutum ya faɗi. Tsofaffi su tsaya a wuyan hannu. Wanda bai gane ba ya zo mu nuna masa, ba ya ɗaukar minti biyu.

Nawa ne daidai?

Babban mutum da ya zauna ya huta, bugunsa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Masu aikin ƙarfi kullum da 'yan wasa nasu yana iya sauka ƙasa da 60, kuma suna lafiya. Na yara ya fi na manya sauri, na jarirai yakan wuce 100 ba tare da wani ciwo ba.

Lokacin aiki dole bugu ya hau, don naman jiki yana neman ƙarin jini. Wannan ba ciwo ba ne. Akwai wani lissafi da ake yi don a kimanta iyakar abin da zuciyar mutum za ta kai: a cire shekarunsa daga 220. Aiki matsakaici yakan kai bugu rabin wannan iyaka zuwa kashi 70 cikin 100 nata.

- Mai shekara 20: iyaka 200, aiki matsakaici 100 zuwa 140
- Mai shekara 30: iyaka 190, aiki matsakaici 95 zuwa 133
- Mai shekara 40: iyaka 180, aiki matsakaici 90 zuwa 126
- Mai shekara 50: iyaka 170, aiki matsakaici 85 zuwa 119
- Mai shekara 60: iyaka 160, aiki matsakaici 80 zuwa 112

Wannan lissafi kimantawa ne kawai. Mutum biyu sa'o'in juna suna iya bambanta da bugu goma ko fiye. Ku duba manomin nan namu. Iyakarsa wajen 165 ce, amma agogo ya nuna 176 yana cikin hira. Mutumin da zuciyarsa ta kai iyakarta ba ya iya hira. Wannan kaɗai ya isa a gane agogon ne ya kauce.

Akwai abubuwan da ke sa bugu ya hau ko da ba a aiki: zazzaɓi, ƙarancin jini, ƙishirwa da zafin rana, gudawa, tsoro, goro, shayi mai kauri, kofi, taba, da maganin asma da ake shaƙa. Zazzaɓi yakan ƙara wajen bugu 10 a kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya kuwa saukar da bugu suke yi, kamar waɗanda aka rubuta atenolol ko propranolol a kwalinsu. Mai shan irinsu kada ya bi lissafin da ke sama. Ya tambayi likitansa iyakar aikin da ya dace da shi.

Gwajin magana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar minti 30 a kwana biyar. Noma da daka da ɗebo ruwa da tafiya kasuwa a ƙasa duk suna cikin lissafi. Waɗanda suka fi bukatar wannan shawara su ne masu yini a zaune, kamar teloli da direbobi da masu kanti, da manoma lokacin rani idan aikin gona ya ƙare.

Don sanin ko aikin ya yi daidai da ƙarfinku, ku gwada magana.

- Idan kuna iya rera waƙa kuna aikin, aikin mai sauƙi ne.
- Idan kuna iya hira amma waƙa ta gagara, aikin matsakaici ne. Nan ake so yawancin mutane su tsaya.
- Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita sai kun ja numfashi, aikin mai tsanani ne. Tsofaffi da masu hawan jini da masu ciwon zuciya su sassauta.

Idan kuna da agogon, ga yadda za ku sa shi

Ba mu ce a yar da shi ba. Yana sa wasu su ƙara tafiya, wannan kuwa alheri ne. Ga abin da zai rage kuskurensa:

1. Ku ɗaura shi sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa ɗaya. Lokacin aiki ku ƙara matsar da shi sama, faɗin yatsa biyu.
2. Ya kama fata yadda ba zai zame ba, amma kada ya matse har ya bar shaida.
3. Ku goge bayansa da fatar wurin daga gumi da ƙura.
4. Ku sa shi a hannun da ba shi ne ya fi aiki ba.
5. Da sanyi, ku bari jiki ya ɗumama kafin ku duba.
6. Idan kuna son lamba mai kyau, ku tsaya, ku saki hannu, ku jira kamar rabin minti.
7. Ku gwada shi da yatsunku sau da yawa, a zaune da kuma bayan aiki. Idan kuna zaune amma bambancin yakan wuce bugu 10, kada ku dogara da wannan agogo.

Lambar da ta fi amfani ita ce ta safe, kafin a tashi daga shimfiɗa. Idan kun saba ganin 70, sai kwana uku a jere kuka ga 95, kuma yatsu sun tabbatar, ku zo a duba ku.

Labari na biyu

Wani ɗan kasuwa mai kimanin shekara 50 yana tuƙa keke a hawa, sai ya ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutse. Ciwon ya gangara hannunsa na hagu, gumi ya keto masa. Ya sauka ya duba agogo, ya ga 88. Da ya isa gida matarsa ta ce, "Maigida, fuskarka ta canza, mu tafi asibiti." Ya nuna mata agogo ya ce zuciyarsa lafiya take, gajiya ce kawai.

Sai bayan kwana biyu aka kawo shi, yana haki ko a kwance. Jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe. Mun tura shi babban asibiti. Ya rayu, amma wani sashe na zuciyar ya riga ya lalace, yanzu ko buhu ba ya iya ɗagawa.

Mai yiwuwa ma agogon bai yi kuskure ba a ranar. Jijiyar zuciya tana iya toshewa alhali yawan bugu yana nan daidai. Agogo yawan bugu yake ƙirgawa. Bai san ko zuciya tana samun jini ba, bai san ko tana da ƙarfi ba. Hausawa sun ce jiki magayi. Jikin wannan bawan Allah ya gaya masa, matarsa ma ta gaya masa.

Alamomin da ba a jira

Ku daina aiki nan take, a kawo ku asibiti, ko me agogo ya nuna, idan kun ji ɗaya daga cikin waɗannan:

- ciwo ko nauyi ko matsi a ƙirji, musamman idan ya kai hannu, wuya, haɓa ko baya
- haki da ya wuce aikin da ake yi, ko haki a kwance
- jiri, duhun ido ko suma
- gumi mai sanyi tare da tashin zuciya
- faɗuwar gaba mai tsalle-tsalle da ba ta lafa ba bayan hutu
- karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana

Ku zo cikin kwana ɗaya ko biyu idan kun ƙirga da yatsu kuna zaune kuka ga bugu yana wuce 100 kullum, ko yana ƙasa da 50 tare da kasala, ko ƙafafu sun fara kumbura.

Masu ciki da masu jego

Lokacin ciki bugun zuciya yakan ƙaru da kamar 10 zuwa 20 a minti, don jiki yana ciyar da rai biyu. Wannan daidai ne. Amma akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, inda zuciya ke yin rauni. An daɗe da sanin cewa yana da yawa a ƙasar Hausa. Alamominsa su ne haki, tari da dare, kumburin ƙafafu da fuska, da kasa kwanciya sai an tokare da matasai. Mai jego da ta ga haka kada ta tsaya duba agogo, kada kuma a ce mata gajiyar haihuwa ce. Maigida da iyaye mata, ku kawo ta da wuri. Akwai magani, kuma da yawa suna samun sauƙi idan an fara shi kan lokaci.

Hawan jini da sukari

Wasu agogon suna nuna lamba irin 120/80, wasu har suna cewa suna auna sukari. Ku yi hattara da wannan ƙwarai. Ana auna hawan jini ne da abin da ake naɗawa a damtse a hura masa iska. Ana auna sukari ne da ɗigon jini. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da agogo ko zobe da ke cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba.

Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, sai ranar da ya kayar da mutum. Kada kowa ya daina shan maganinsa, ko ya rage, ko ya ƙara, saboda lambar agogo. Ku ci gaba da zuwa awo a ranar da aka ba ku. Ku kuma 'ya'yan da ke birni, idan kuna son taimakon iyayenku masu hawan jini, na'urar awo ta damtse da kuɗin maganin wata-wata sun fi musu amfani.

Ku tuna

- Agogo ya fi yin daidai idan mutum yana zaune shiru. Idan hannu yana aiki, kuskurensa yana ƙaruwa.
- Idan lamba ta ba ku tsoro amma jiki lafiya, ku zauna, ku ƙirga da yatsu.
- Idan jiki ya nuna alamar haɗari, ku zo asibiti ko da lambar ta yi kyau.
- Ba a canza magani sai da shawarar ma'aikacin lafiya.
- Idan za ku zo, ku zo da agogon da magungunanku duka, mu gwada tare.

Tambayoyi domin tattaunawa a taro

1. Me ya sa agogon manomin ya yi daidai a zaune, ya kauce a gona?
2. Da kai ne ɗan'uwan ɗan kasuwan nan, me za ka ce masa ranar da ya dawo da ciwon ƙirji?
3. Kowa ya kama hannun na kusa da shi ya ƙirga bugunsa na daƙiƙa 30. Sannan a tashi a zagaya fili da sauri na minti uku, a sake ƙirgawa. Nawa ya ƙaru?
4. Idan ciwon ƙirji ya kama wani a unguwarku da dare, wa ke da abin hawa, kuma wane asibiti ne ya fi kusa? Ku yanke wannan shawara tun yau.